Tarihin Libarba Mai Gajeren Hanci da Yadda Ake Yi Mata Kuɗi a Amurka

Duk wanda ya shiga kantin masu sayar da bindigogi a ƙasar Amurka, ko shagon masu karɓar jingina, waɗanda suke da yawan gaske a garuruwansu, da wuya ya fita bai ga wata 'yar ƙaramar libarba kwance cikin akwatin gilashi ba, hancinta bai wuce inci 2 ba, baƙin rinin ƙarfenta ya koɗe ta gefe-gefe, an ɗaura mata guntuwar takarda mai ɗauke da farashi. Irin wannan bindiga, mai cin harsashi 5 ko 6 a cikin wani gida da yake juyawa duk sa'ad da aka ja kunama, ta yi kusan shekara ɗari tana yawo a aljihunan mutanen ƙasar, daga 'yan sandan ciki da masu kantuna har zuwa 'yan fashi da masu kisan gilla, dalili kuwa shi ne ta fi sauran bindigogi sauƙin ɓoyewa, ko da yake sun fi ta ƙarfi da saiti. Mai karatu a Nijeriya, inda dokar makamai ta 1959 ta sanya libarba cikin abubuwan da ba a mallaka sai da iznin shugaban ƙasa, lalle zai yi mamakin jin ana cinikinta kamar sauran kayan gwanjo. Amma farashin nan da aka rubuta a guntuwar takarda ba ya fahimtuwa sai mutum ya san yadda al'umma guda ta juya ra'ayinta game da ɓoye makami, daga ɗaukarsa alamar ha'inci zuwa ɗaukarsa haƙƙin kowane baligi mai hankali.

A farkon ƙarni na 19, mutumin Amurka da ya rataya makaminsa a fili ba a ganinsa da aibu, wanda ake zargi shi ne mai sa shi a ƙarƙashin riga. A shekarar 1813 jihohin Kentaki da Luwiziyana suka kafa dokar hana yawo da ɓoyayyen makami, sa'an nan waɗansu jihohi suka bi sahunsu. Da aka kai ƙarar dokar Luwiziyana gaban babbar kotun jihar a 1850, a shari'ar wani mutum mai suna Chandler, sai alƙalai suka tabbatar da ita, suka kafa hujja da cewa makamin da yake bayyane yana sa mutane biyu su tsaya daidai da juna, kowa ya san abin da ɗan'uwansa yake riƙe da shi, alhali ɓoyayye ba ya haifar da komai sai cin amana da kisan mummuƙe. Wanda ya karanta fiƙihun Malikiyya zai ga wannan tunani ba baƙo ba ne a gare shi, domin malamanmu sun ware kisan gilla daga sauran kisa, suka tsananta hukuncinsa har suka ce afuwar waliyyan mamaci ba ta kuɓutar da mai yinsa, saboda yaudarar da ke cikinsa.

To, amma doka tana tafiya da ƙafa, maƙera kuwa suna sukuwa. Samuel Colt ya sami takardar mallakar fasahar libarba a 1836, Horace Smith da Daniel Wesson kuma suka fito da tasu ƙarama a 1857 a garin Springfield, mai cin harsashin da aka riga aka ɗure shi da albarushi cikin kwanson ƙarfe. Da wa'adin takardar da ta kare musu wannan fasaha ya ƙare a 1869, sai ƙananan masana'antu suka cika kasuwa da 'yan libarbobi masu arha, kamfanin Webley na Ingila kuma ya aiko da tasa mai suna British Bull Dog, gajeriya mai kauri, wadda aka soma ƙerawa a 1872. Ɓarnar da ƙananan bindigogi suka yi sananniya ce a tarihin Amurka. Shugaba Lincoln da ƙaramar bindigar aljihu ta Deringer aka harbe shi a 1865. Shugaba Garfield kuwa da Bull Dog Charles Guiteau ya harbe shi ran 2 ga Yuli 1881, an kuma ruwaito cewa da ya je saye ya so mai ƙotar hauren giwa, don a ganinsa ita za ta fi kyau in an ajiye ta a gidan tarihi. Shugaba McKinley shi ma a 1901, a garin Buffalo, wani Leon Czolgosz ya naɗe libarbar Iver Johnson cikin hankici, ya shiga layin masu gaisawa da shugaba, ya harbe shi. Shugabanni uku ke nan cikin shekara 36, kowannensu da makamin da ya shiga aljihu. Da aka harbi magajin garin Niyok, William Gaynor, a 1910, aka kuma kashe marubuci David Graham Phillips a titi a farkon 1911, sai majalisar jihar ta zartar da dokar Sullivan a wannan shekara, wadda ta wajabta lasisi ga duk mai son mallakar bindigar da za ta iya ɓoyuwa a jiki.

Libarba mai gajeren hanci irin wadda aka sani yau, a hannun ma'aikatan hukuma aka raine ta. Akwai wani ma'aikacin kamfanin Colt, John Henry FitzGerald, gwanin harbi, wanda yake zagaya wuraren gasa yana gyara wa mutane bindigogi yana tallar kayan kamfaninsu. Shi ne a shekarun 1920 ya riƙa ɗaukar libarbar 'yan sanda mai cikakken tsawo, ya datse hancinta zuwa inci 2, ya goge ƙahon gudumarta don kada ya sarƙe a tufa, ya rage ƙotar, har ya yanke gaban zoben da yake kare kunama don yatsa ya isa gare ta da hanzari. Wannan na ƙarshe, a ganina, ganganci ne, domin zoben nan shi ne shamaki tsakanin kunama da duk abin da zai taɓa ta bisa kuskure, kamfanin ma da ya tashi ƙera tasa ta kasuwa bai bi shi a kai ba. A 1927 Colt ya fito da Detective Special, mai harsashi 6 na samfurin .38 Special, aka kuwa yi dace da zamani, gama daga 1920 zuwa 1933 an haramta giya a Amurka, 'yan fasa-ƙwauri suka yi ƙarfi a manyan birane, 'yan sandan farin kaya suka yawaita, kowannensu yana bukatar makamin da kwat za ta rufe.

Shekarar 1950 ita ce ta fi kowace muhimmanci ga mai son sanin darajar waɗannan bindigogi. A cikinta Smith & Wesson suka kai wata sabuwar libarba wurin taron ƙungiyar shugabannin 'yan sanda a garin Colorado Springs, suka bar mahalarta taron su raɗa mata suna, aka kira ta Chiefs Special. Sun rage harsashinta zuwa 5, da haka gidan harsashin ya sirance, bindigar ta kwanta a jiki fiye da ta Colt, nauyinta kuwa bai wuce rabin kilo da 'yan kai ba. A wannan shekara kuma Colt ya fito da Cobra, wadda aka yi gangar jikinta da alminiyam don ta ƙara sauƙi. Daga nan aka yi ta tsere. A 1952 Smith & Wesson suka yi Centennial, mai guduma a rufe ruf cikin jiki, a 1955 suka yi Bodyguard, wadda aka lulluɓe gudumarta aka bar ɗan kanta a waje, a 1957 suka soma ba bindigoginsu lamba, Chiefs Special ta zama Model 36, a 1965 kuma suka yi Model 60 da ƙarfen da ba ya tsatsa, abin da ya zama rahama ga mai ɗaukar makami a jikinsa cikin gumi.

Ba za a yi adalci ga tarihi ba in aka tsallake ɓangaren marasa daraja. Bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968, majalisar tarayya ta yi dokar da ta hana shigo da ƙananan bindigogi masu arha daga ƙetare, amma ta bar ƙofa buɗe ga sassansu, sai 'yan kasuwa suka riƙa shigo da sassan daga Jamus suna harhaɗawa a Miyami. Ɗaya daga cikin irin waɗannan, Röhm RG-14, ita John Hinckley ya saya a wani shagon jingina a Dalas, ya harbi Shugaba Reagan da ita ran 30 ga Maris 1981, ya kuma nakasa kakakinsa James Brady, wanda daga baya aka sa sunansa a dokar 1993 ta binciken mai saye. Irin wannan bindiga har yau ana samunta a gwanjo, masana kuwa ba su ba ta wata ƙima ba, don an yi ta da ƙarfen da ba ya jure aiki.

Abin da ya cika kasuwar kayan hannu da libarbobi masu nagarta shi ne juyin da ya auku a ofisoshin 'yan sanda. Ran 11 ga Afrilu 1986 jami'an hukumar FBI suka yi musayar wuta da 'yan fashi biyu a Miyami, aka kashe jami'ai biyu aka raunata biyar, aka kuma ga yadda mutumin da aka harba a hannu ya kasa sake ɗura libarbarsa. Ko da yake da libarba ne ɗaya daga cikin jami'an ya kawo ƙarshen faɗan, darasin da hukumomi suka ɗauka shi ne harsashi 6 ya yi kaɗan. Cikin shekarun da suka biyo baya rundunoni suka koma ga bindigogi masu ɗura kansu, musamman Glock ta ƙasar Ostiriya, suka ba dillalai tsofaffin libarbobinsu a madadin wani kaso na kuɗin sababbi, dillalai kuma suka juyo da su ga jama'a. Sai abin ya yi kiciɓis da wani juyin, domin a 1987 jihar Fulorida ta wajabta wa hukuma ta ba da lasisin ɓoye makami ga duk wanda ya cika sharuɗɗa, ba tare da ya bayyana wata larura ba, jihohi da yawa suka kwaikwaye ta, har Ilinoyi ta zama ta ƙarshe da ta halatta a 2013. Ga kaya sun yawaita, ga masu saye sun yawaita.

Masu sayen nan kuwa iri biyu ne, kuma rashin rarrabe su shi ne asalin yawancin gardamar da ake yi a kan farashi. Na farko shi ne mai tarawa, wanda yake son bindiga don asalinta da ƙarancinta, wataƙila ma ba zai taɓa harba ta ba. Littafin da suka fi dogara da shi, Blue Book of Gun Values, wanda S. P. Fjestad ya shahara da fitarwa shekara-shekara, yana auna daraja da yawan rinin asali da ya saura a jikin ƙarfe, daga kashi 100 zuwa 98 zuwa 95, a yi ta sauka har 60, kowane mataki da kuɗinsa. A wurin wannan mutum, bindigar da aka sake rinawa ta faɗi, kome ƙyallinta, gwamma koɗaɗɗiya ta asali, yana kuwa gane aikin ta wurin haruffan da suka dushe saboda guga da kusurwoyin da suka daina kaifi. Zai kwance ƙotar katako ya duba ko lambar da aka buga a cikinta ta dace da ta jikin bindiga, zai tambayi kwalin da ta zo a ciki da takardunta. In ta Smith & Wesson ce, zai duba ko akwai ɗan ƙusan da ake soke gindin hanci da shi, wanda aka daina sa shi a 1982, sa'an nan ya duba ko akwai 'yar ƙofar makulli a gefe. Makullin nan yana da labari. A watan Maris 2000 kamfanin, wanda a lokacin yake hannun Tomkins na Ingila, ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Clinton a kan matakan tsaro, masu bindigogi suka fusata suka ƙaurace wa kayansa, har a 2001 aka sayar da shi dala miliyan 15 ga wani kamfanin makullan bindiga, bayan Tomkins ya saye shi fiye da dala miliyan 100 a 1987. Tun daga nan aka soma sa makullin, tun daga nan kuma wadda ba ta da shi ta ƙara tsada.

Sama da duk wannan akwai salsala. Kamfanonin biyu, na Colt da na Smith da Wesson, sun adana littattafan fitar da kaya, mutum yana iya biyan kuɗi a rubuto masa wasiƙa mai bayyana ranar da bindigarsa ta bar masana'anta, da siffarta a ranar, da wanda aka aika wa, aikin da a da Roy Jinks ya daɗe yana yi wa Smith & Wesson. Matsayin wasiƙar nan a wurinsu matsayin isnadi ne a wurin malaman hadisi, labarin da ba shi da ita ba a karɓarsa kome daɗinsa. Iyakar inda salsala take kai farashi ta bayyana a kan Cobra ɗin da Jack Ruby ya saya dala 62 da rabi a 1960, ya kashe Lee Harvey Oswald, wanda ake tuhuma da kisan shugaban ƙasa, da ita ran 24 ga Nuwamba 1963 a cikin ginin 'yan sandan Dalas, a gaban masu ɗaukar hoto, wadda aka yi gwanjonta a 1991 a kan dala 220,000. Wannan ciniki yana ɓata mini rai ƙwarai, domin ba ƙarfe aka saya ba a nan, ran mutum ne da aka ɗauka ba tare da shari'a ba ya zama abin taƙama.

Mai saye na biyu, wato wanda yake nufin ya ɗauki bindigar a jikinsa, ma'auninsa dabam ne, ni kuma a ganina nasa ya fi kusa da gaskiyar abin. Koɗewar rini a bakin hanci da gefen gidan harsashi, wadda take rage kuɗi a littafi, shi ba ta dame shi ba, don gogar kube ce kawai, dillalai ma suna da wata magana da suke yi a kan tsofaffin libarbobin 'yan sanda, cewa an ɗauke su da yawa an harba su kaɗan. Abin da yake nema shi ne aibin da ido ba ya gani da farko, irin wanda fuƙaha'u suka ba mai saye zaɓin mayar da kaya saboda shi. Bayan ya tabbata babu harsashi a ciki, sai ya ja guduma sannu a hankali a kan kowane rami, ya saurara ko gidan harsashi ya kulle kafin guduma ta kai maƙura, domin in bai kulle ba, harsashi zai fita bai daidaita da hanci ba, ya feso ɓarɓashin darma ta gefe. Sai ya girgiza gidan gaba da baya ya ji ko yana wasa, ya ɗaga ta ga haske ya dubi ratar da ke tsakanin gidan da hanci, wadda bai kamata ta wuce kaurin takarda ɗaya ko biyu ba, ya leƙa cikin hancin ko tsatsa ta ci shi ko ya kumbura. Zai dubi hannun da yake fito da gidan harsashi ko ya karkace, aibin da yake samuwa daga masu kwaikwayon 'yan fim suna wurga gidan ya rufe da kansa, ya dubi kawunan sukurori, gama in sun tauye, alama ce wani wanda bai iya ba ya shiga cikinta. In jikinta na alminiyam ne, wajibi ne ya duba ƙarƙashin gindin hanci, nan ne take tsagewa, tsagar kuwa ba ta da magani, ya kuma sani cewa tsofaffin irin wannan ba a yi su don harsashi mai ƙarin ƙarfi na zamanin yau ba. Tsohuwar Colt tana da wata matsala ta kanta: da hannu aka daidaita kayan cikinta, maƙeran da suka iya gyaranta sun yi ƙaranci, sassanta sun yi wuya, saboda haka sau da yawa ita ce ta fi tsada a akwatin gilashi, ita ce kuma ta fi wahalar riƙewa ga mai amfanin yau da kullum.

Dacewarta da ɓoyewa kuwa, babu mai musun cewa siffarta ta taimaka. Jikinta ba shi da kusurwoyi masu nuna kansu ta cikin tufa, tana jure ƙura da zaren aljihu, in harsashi ɗaya ya ƙi tashi sai a sake jan kunama gida ya juyo da na gaba, marar ƙahon guduma kuma ba ta sarƙewa. Amma masu koyar da harbi a can sun daɗe suna faɗakarwa cewa tana cikin bindigogin da suka fi wuyar saiti, kuma kuskure ne babba da ake miƙa ta ga sabon shiga ko tsohuwa don an ga ƙarama ce. Kunamarta tana bukatar jan da ya kai kilo 5 ko fiye, wato kusan ninki goma na nauyin bindigar kanta, saboda haka hannu yana karkata kafin harsashi ya fita. Tazarar alamomin saitinta gajeriya ce, ɗan kuskure a hannu ya zama babba a nesa, rashin nauyinta yana sa ta doki tafin hannu da zafi har mutum ya ƙi yin atisaye da ita, gajartar hancinta tana rage gudun harsashi, sake ɗura ta kuma yana cin lokaci. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan nauyi, wanda duk mai shawarar saye ya kamata ya sa a ma'auninsa. A shekarar 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka, fiye da rabinsu kuwa da hannunsu suka kashe kansu. Makamin da yake kusa da jiki dare da rana yana kusa da mai shi har a sa'ar fushi da sa'ar yanke ƙauna, yana kuma kusa da yaran gida in aka yi sakaci da ajiyarsa, wannan kuwa amana ce da lasisi ba ya sauke ta.

A watan Yuni 2022 Kotun Ƙoli ta Amurka, a shari'ar Bruen, ta soke sharaɗin da jihar Niyok ta riƙe fiye da shekara ɗari, na cewa sai mutum ya nuna wata bukata ta musamman kafin a ba shi iznin fita da bindiga, yanzu kuma fiye da rabin jihohi ba sa neman lasisi ko kaɗan a kan ɓoye makami. Colt, wanda ya daina ƙera Detective Special a tsakiyar shekarun 1990, ya dawo da sunan Cobra a 2017, Ruger ya fito da LCR a 2009, Smith & Wesson kuwa ba su taɓa barin layin ba. Tsohuwar da take akwatin gilashi, in dillali mai lasisi ne zai sayar da ita, ko da ta girmi mai sayen, dole mai sayen ya cika takarda a bincika sunansa, tsarin da FBI take gudanarwa tun 1998. In kuwa mutum ne ya sayar wa maƙwabcinsa a cikin jiha ɗaya, dokar tarayya ba ta wajabta binciken ba, an bar wa kowace jiha ta yi nata hukunci, waɗansu sun wajabta, da yawa kuma ba su yi ba.